Ciwon da Tsinke Ya Ara wa Matarsa

Sunan da kowa ya san shi da shi a kasuwa shi ne Tsinke. Mahaifinsa ne ya laƙaba masa tun lokacin da ya fara tsayawa a bayan teburin nama, ƙashin wuyansa a waje, wandonsa sai an ɗaure da igiya. Mahaifin ya rasu, tebur ya dawo hannunsa, jiki ya zo, sunan kuma ya ƙi tafiya. Baƙon da ya shigo layin mahauta yana cigiyar Tsinke, idan aka nuna masa mutumin da ya cika rumfa ta uku daga ƙofa, sai ya ɗauka wasa ake masa.

Shekara talatin da huɗu ya yi a wannan rumfa. Idan ka ce masa kilo ɗaya, sara ɗaya zai yi, ya jefa a kan sikeli, allura ta tsaya cak a inda ya kamata. Bai taɓa cusa wa mai saye jijiya a ƙarƙashin tsoka ba. Masu gidajen abinci sun san haka, shi ya sa kafin rana ta take, rabin abin da ya rataye ya tafi.

Mahaifinsa ya sha gaya masa cewa mahaucin da ya rame, namansa ake zargi. Tsinke ya riƙe wannan magana hannu biyu. Da safe hanta ce a kan ɗan risho a bayan rumfa. Da rana haƙarƙari, da kitsensa da komai. Da yamma abin da ya rage a tebur shi zai kai gida, matarsa ta dafa. Abincin da babu nama a ciki, a wurinsa, ba abinci ba ne, jiran abinci ne.

Abokan sana'arsa suna tsokanarsa, musamman Gajere, mai rumfar da ke jikin tasa, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Tsinke ya koyi dabara tun tuni: shi ke fara yi wa kansa dariya. Zai bugi tumbinsa ya ce nan ne babban shagon, rumfar reshe ce kawai. A yi ta ƙyaƙyatawa, magana ta wuce.

Wata safiya yana ƙoƙarin rataye cinyar saniya a ƙugiya, aikin da ya yi sau dubbai, gwiwoyinsa suka ƙi. Ya zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti, cinyar a kan ƙirjinsa. Sai da mutum uku suka taru aka ɗaga shi. Ya ce santsi ne, ya zagi mai wanke dandamali, aka yi dariya. Amma matarsa ta daɗe tana lura. Gidansu a hawa na biyu yake, tana kuma jin inda takunsa ke tsayawa a matakala. Da sau ɗaya ne, yanzu sau uku. Ba ta roƙe shi ba. Ta dai goge masa riga, ta ce Litinin za su asibiti.

Malamar asibitin yarinya ce, ba za ta girmi 'yarsu ta fari ba. Ta gwada jininsa, ta rubuta, ta sake gwadawa. Sannan ta ce ya hau sikeli. Ya cire takalmi ya hau. Allura ta zagaya har ƙarshen lambobin, ta jingina a can ta tsaya.

Malamar ta rage murya. "Baba, namu iyakarsa ɗari da hamsin ne. Ko za ka samu babba a wani wuri, ka kawo mini lambar?"

Akwai mutane a kan benci a bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe take. Tsinke ya nemi abin dariyar da zai faɗa, bai samu ba. Ya sauko yana neman takalminsa da ƙafa, idonsa a ƙasa.

"Jininka ya hau, sugan ma yana bakin hanya," in ji ta. "Ba cewa zan yi ka zauna da yunwa ba. Jikinka yana buƙatar abinci mai gina jiki, amma ba jan nama kaɗai ke gina jiki ba. Ka bar shi sau biyu a mako, kamar faɗin tafin hannunka, ba kitse. Sauran kwanakin ka riƙa sauyawa. Yau kifi, gobe wake, jibi ƙwai ko kaza da aka cire wa fata. Da ganye da yawa a gefe. In abu ɗaya za ka yi ta ci, kwana goma za ka gaji ka koma gidan jiya."

"'Yata, kin san sana'ata kuwa?"

"Mama ta gaya mini."

"To mahauci da wake?"

"Mahauci ma zuciya ɗaya gare shi, Baba," ta ce, ta miƙa wa matarsa takardar, ba shi ba.

Babban sikeli kam yana da shi. Yana bakin ɗakin sanyi na kasuwa, mai faffaɗan faranti na ƙarfe, wanda ake ɗora ɓarin saniya a kai. Washegari ya yi sammako ya riga kowa, ya waiga hagu da dama, ya cire takalmi ya hau. Ƙarfen da sanyi, da ɗan maiƙo. Ɗari da sittin da ɗaya. Yana tsaye yana kallon lambar, sai ya ji an ajiye bokiti a bayansa.

Mai kifi ce, dattijuwar da teburinta ke can ƙarshen layi kusa da famfo, ta zo ɗaukar ƙanƙara. Shekara ashirin suna gaisawa daga nesa, domin mahauta ba sa ɗaukar masu kifi a bakin komai.

"Gwada sikelin nake," in ji shi. "Jiya an ce yana ƙwange."

"To," ta ce. Ta cika bokitinta. Har ta juya, sai ta ƙara da cewa, "Idan an gama gwajin, ina da mai kyau yau. Marar ƙaya da yawa. Zan naɗe shi a takarda, babu mai ganewa."

Da yamma, bayan layi ya fara watsewa, ya bi ta wajen famfo kamar mai zuwa wanke hannu, ya dawo da ƙunshi a ƙasan jakarsa.

Haka aka fara. Matarsa ta manna takardar asibitin a jikin firji, ta sayi kula mai hawa biyu. Ita ma ba ta saba ba, domin shekara ashirin da takwas tana dafa abin da mijinta ya kawo, ba ta taɓa zama ta yi tunanin me za a ci gobe ba. Kifin farko ya dagargaje mata a tukunya. Kazar da ta cire wa fata ta fito a bushe, Tsinke ya ce kamar yana tauna soso. Ta koma gasa kifin da lemun tsami da tafarnuwa, ta koyi jiƙa wake tun dare ta zubar da ruwan farko, ta gano cewa idan ta yanka dafaffen ƙwai a kan kabeji da tumatir yana cinyewa ba ƙorafi. Ran da ta gaji, kifin gwangwani ne, ta tsiyaye man. Gyaɗa kuwa da ludayi take auna masa, don ta gane in aka bar shi da kwalba, sai ya ga gindinta.

A gida yana ci, har wani lokaci ya ce a ƙara. Matsalar ita ce kasuwa. Rishonsa na bayan rumfa ya daina ci, ya ce lagwani ne ya lalace. Idan rana ta yi, sai ya ɗauki kularsa a cikin buhu ya shige ɗakin sanyi, ya tura ƙofa, ya tsaya tsakanin ratayayyun shanu yana cin wake da cokali, da sauri, yatsunsa suna ƙagewa. Mutumin da ya ciyar da rabin unguwa nama, ga shi yana cin abincinsa kamar ɓarawo. Wata rana ya sa dafaffen ƙwai biyu a aljihu, ya manta, ya jingina da tebur. Wunin ranar bai bar kowa ya matso kusa da shi ba.

A mako na uku Gajere ya kama shi. Ba a ɗakin sanyi ba, a wajen famfo, ƙunshin yana hannunsa, wutsiyar kifin ta huda takarda ta leƙo.

"Tsinke, me nake gani haka? Ko dai idona ne?" Gajere ya ɗaga murya yadda layi zai ji. "Jama'a ku zo, babban shago ya fara sayen kaya a wurin maƙwabta."

Mutum huɗu suka matso, suna murmushi tun kafin su san abin dariyar. Mai kifi ta sunkuyar da kai tana kankare ɓawo. Maganar ta fito daga bakin Tsinke kafin ya auna ta.

"Na maman yara ne. Likita ya hana ta jan nama."

Murmushin ya ɓace daga fuskokinsu.

"Subhanallahi. Me ya same ta?"

"Jini ne. Da ɗan suga."

Gajere ya cire hularsa ya sosa kai. "Ka yafe ni, ɗan'uwa. Ban sani ba. Allah Ya ba ta lafiya." Sauran ma suka yi ta addu'a, ya yi ta amsawa da amin. Da ya ɗago, suka haɗa ido da mai kifi. Ta mayar da idonta kan wuƙarta.

Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne yadda ƙaryar ta yi masa daɗi. Yanzu yana sayen kifi a fili. Yana tsayawa wurin mai ƙwai ya zaɓa, ya tambayi mai hatsi wane wake ne ya fi saurin dahuwa, ana yaba masa, ana cewa ga namiji mai kula da iyali. Da wandonsa ya fara saki, Gajere ya ce damuwa ce, jinya ba wasa ba. Kullum da safe sai an tambaye shi mai jiki, shi kuma ya ce da sauƙi. Abincin rana dai har yanzu a ɗakin sanyi yake ci.

Wata biyu aka yi a haka. Ranar wata Laraba ya fito ya manta kularsa a kan teburin kicin. Matarsa ta gani, ta san in babu ita yunwa za ta tura shi ga haƙarƙari, sai ta sa mayafi ta hau mota ta kawo masa. Rabonta da layin mahauta ya fi shekara.

Tsinke yana cikin saran ƙashi ya hango ta daga ƙofa. Ya ga mahaucin rumfar farko ya miƙe tsaye, ya ga na biyu ya ajiye wuƙa. Gajere ya riga shi isa wurinta, har da jawo mata kujera.

"Uwargida, ke da kanki? Da wannan ranar? Zauna, zauna. Ya ƙarfin jiki?"

Ta dube shi. "Jiki?"

"Maigidan ya gaya mana komai. Jini da suga ba abin wasa ba ne. Amma ga shi kin murmure, kifin ya karɓe ki."

Ta juya ta dubi mijinta. Yana tsaye da gatari a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Ba dogon kallo ba ne, amma ya ji shi har cikin ɓargo. Ya jira ta yi magana, ya san kalma uku sun isa su gama da shi a layin nan.

"Da sauƙi," ta ce wa Gajere. "Na gode da addu'a." Ta zauna a kujerar, ta amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya, har da shawarar wani da ya ce ta riƙa shan ruwan ɗumi da safe. Sannan ta tashi ta ajiye kular a kan teburin mijinta. "Ga saƙon da ka manta," ta ce, ta tafi.

Bai iya cin abincin ba ranar. Da yamma ya hau matakala a hankali, ba don gwiwa ba. Ya same ta a kicin tana tsince wake a faranti.

"Maman yara."

"Sannu da zuwa. Akwai ruwa a banɗaki."

"Ki saurare ni. Bakina ne ya suɓuce. Sun taru a kaina, ban san lokacin da…"

"Wata nawa?"

Ya ce, "Biyu."

"Baki ba ya suɓucewa wata biyu." Ba ta ɗaga murya ba, hannunta bai daina tsintar ba. "Ni na raka ka asibiti. Ni nake tashi in jiƙa, in gasa, in auna. Ban nemi godiya ba. Amma ban san ladan da za ka ba ni shi ne ka ɗauki ciwonka ka rataya mini a wuya, ka zagaya da ni kasuwa ba. Na rufa maka asiri yau don ba zan tozarta uban 'ya'yana a gaban mutane ba. Sauran kuma, wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta."

Ya ce gobe zai gyara. Gobe ta yi, ya isa rumfa da maganar a bakinsa, Gajere ya tare shi da yabon irin haƙurin uwargida, sai ya haɗiye. Jibi ma haka. A gida tana ba shi abincinsa a kan lokaci, tana sauya masa kamar kullum, amma ta daina zama su ci tare.

A kwana na biyar ya dawo ya ga baƙin takalma a bakin ƙofa. Yayar matarsa ce, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, wadda shi kansa bai taɓa zama a kujera ɗaya da ita ba saboda nauyinta da yake ji. Matar wani mahauci ta gaya wa wata, watar ta buga waya, labari ya isa garin da take ya zama cewa ƙanwarta tana kwance, har ƙafa ta kumbura. Dattijuwar ta wuni a mota da ciwon bayanta. Ya same ta a falo, idonta jawur, ta riƙe hannun ƙanwarta tana juya shi.

"Baban yara," ta ce bayan sun gaisa, "abin har ya kai a ɓoye mini? Irin ciwon nan ne ya ɗauke mana mahaifiya. Ita ta ce lafiyarta ƙalau, na san don kada hankalina ya tashi ne. Kai ka gaya mini gaskiya."

Matarsa ta kalli bango. Babu wanda zai cece shi, kuma ya san bai cancanci a cece shi ba. Ya durƙusa a kan kafet, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Yaya, lafiyarta lau. Ni ne mai ciwon. Ni aka hana nama. Kunya na ji a ce mahauci yana cin kifi da wake, sai na ce nata ne."

Yayar ta daɗe tana kallonsa. Ta saki hannun ƙanwarta, ta goge ido da bakin mayafi.

"Ka ji kunyar wake," ta ce a hankali, "amma ba ka ji kunyar wannan ba."

Bai ɗago ba. Ya ji a ransa da ma zaginsa ta yi.

Washegari bai shiga ɗakin sanyi ba. Da rana ta yi, ya share gefen teburinsa, ya shimfiɗa takarda, ya buɗe kular. Wake ne da alayyafo, da rabin ƙwai a sama. Ya kira Gajere, ya kira na rumfar farko da na biyu. Ya gaya musu gaskiya, bai rage komai ba, har da lambar da ya gani a sikelin shanu.

Ya zaci dariya za su yi, ya ma fi son su yi. Babu wanda ya yi. Gajere ya dube shi sama da ƙasa.

"Wato wata biyu ina sa matata tana yi wa mai lafiya addu'a," ya ce. "Da ka ce kai ne, da mun tsokane ka kwana uku mun bari. Mu ba mutane ba ne?" Ya koma rumfarsa. Sai da aka yi mako guda kafin ya sake yi masa wasa, ran da ya leƙo kular ya tambaya ko yau ranar masu iyo ce ko ta masu fuka-fuki. Tsinke bai taɓa jin daɗin tsokana irin na ranar ba.

Ba wata gagarumar rama ya yi ba. A wata takwas kilo goma sha huɗu suka tafi, uku suka dawo lokacin bikin 'yarsa, biyu suka sake tafiya. Jinin ya sauka, amma har yanzu yana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Jan nama yana ci ran Talata da Asabar, ya yanka da kansa daidai tafin hannu, kuma shi da bai taɓa kuskuren awo ba, a nan kaɗai hannunsa ke ɗan zarcewa. Yogot marar suga ya gwada sau biyu ya ce a kai kasuwa. Waken suya ma bai shiga ransa ba, ko da yake yana ci in an ba shi.

Yayar matarsa kwana huɗu ta yi ta koma. Shi ya kai ta tasha, ya ɗauki jakarta, ya samo mata kujerar gaba saboda bayanta. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma bai iya kallon idonta ba har mota ta tashi.

Matarsa ta dawo cin abinci tare da shi bayan kamar mako biyu, ba tare da wani jawabi ba. Wata yamma kawai ta zo da farantinta ta zauna, ta ce ya matsa. Labarin ciwon nata kuwa bai mutu gaba ɗaya ba, domin ƙarya ta fi gyaranta saurin tafiya. Har yau akan samu wata tsohuwa a layin asibiti ko a wurin suna ta riƙo hannunta ta tambaye ta ya sugan. Idan ita kaɗai ce, takan ce da sauƙi ta wuce. Idan kuwa suna tare, sai ta juyo gare shi, shi kuma ya gyara tsayuwa, ya gaishe da tsohuwar, ya fara bayani tun daga farko.